Rigar da Muka Ara wa Hannun Azara

'Yata Amina ce ta dawo daga biki a Yendi ta same ni a tsakar gida ina tsince wake. Ta zauna kusa da ni. Can ta ce wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki a gidan bikin, ta ce ai wannan 'yar nas ɗin nan ce da ta saci mabiyiya a Bawku. Na yi dariya har waken ya zube. Amma da na kwana na tashi, sai na ga abin ba na dariya kaɗai ba ne. Waɗanda suka san yadda aka yi sun kusa ƙarewa. Mahaifina Baba Malam ya rasu, Goggo Asibi ta rasu, likitan ma na ji labarin rasuwarsa. Saura ni da Yaya Rakiya da Azara, mu ma duk gwiwoyinmu sun fara ƙara. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, ke Amina da ƙannenki, ku ji daga bakina. Ban saci komai ba. Aro na yi, kuma an mayar.

A lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da gama makarantar nas ba aka tura ni asibiti a Bawku. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, sa'ad da gobarar daji ta cinye gonaki, kantuna suka zama fanko. Asibiti ma bai tsira ba. Bandeji sai mu wanke, mu dafa, mu shanya, mu sake naɗewa, har ya koma kamar tsohon gidan sauro. Ƙyallen nan mai maiƙo da ake shimfiɗa wa ƙuna don kada ya manne da nama kuwa, tun ina ɗaliba na yi masa ganin ƙarshe. Ina zaune ne a zango, unguwar Hausawa, a gidan yayata Rakiya, wadda ke auren wani mai fataucin albasa. Ni yarinya ce mai yawan kallon taga. Bayan littafin aikina cike yake da 'yan baitocin da ba na nuna wa kowa, kuma in aka bar ni da takarda, ko wace iri ce, sai an kira sunana sau biyu nake ji. Likitanmu, wani gajeren mutum daga kudu da muke ce wa Dokta Lema saboda lemarsa ba ta barin hammatarsa rani da damina, ya lura da wannan hali nawa. Ya ce in riƙa ɗaukar tsofaffin mujallun likitanci da ke tule a ofishinsa, ai gara ni in ci su da gara ta ci.

A cikin ɗaya daga cikinsu na ga hoton da ya hana ni sakat. Ƙirjin wani yaro ne da ya ƙone, an shimfiɗa masa wata siririyar fata garau, har ana ganin ciwon ta cikinta. Ku da ba ku taɓa shiga ɗakin haihuwa ba, bari in bayyana muku. Jariri a ciki yana kwance ne cikin ruwa, ruwan kuma yana cikin wata jaka, ita ce faya. In ta fashe aka haihu, fatar jakar takan fito manne da mabiyiya. Ɓawo biyu gare ta. Na cikin, wanda ke taɓa jikin jariri, siriri ne mai santsi, in kika ɗaga shi ga hasken taga kina ganin yatsunki. Takardar ta ce in an wanke shi tas aka rufe ƙuna da shi, yakan manne ya zauna, zafi ya lafa, sabuwar fata ta yi ta rarrafe a ƙarƙashinsa ba mai tsinke ta. Ina karantawa sai na tuna duman gidanmu na Yendi. In aka bar shi a ƙasa, awaki su tattake, yara su ja. In aka kafa masa rumfa kuwa, shi da kansa yake hawa, ba mai koya masa. Na ce a raina, ashe fata ma rumfa take nema. Kullum ina riƙe wannan riga a hannuna a ɗakin haihuwa, in naɗe ta tare da mabiyiya in miƙa wa tsofaffi su tafi da ita gida, ban taɓa sanin abin da nake riƙewa ba.

Dokta Lema ya ce ya san da aikin, har ya taɓa gani ana yi. Amma ya ɗaga kafaɗa ya ce a garin nan wa zai ba ka mabiyiyar ɗansa? Gaskiyarsa. Na bar maganar a cikina har Babbar Sallah, da na je gida Yendi. Kwana biyu ina kewaya zauren Baba Malam, in kawo masa shayi in koma, in share tabarma in koma, don ban san ta inda 'ya mace ke fara yi wa ubanta zancen mabiyiya ba. A rana ta uku, bayan ɗalibansa sun watse da hantsi, shi da kansa ya ce in zauna in faɗi abin da ke tafe da ni kafin in ƙarar masa da tabarma da shara. Na sunkuyar da kai na faɗa, rabi da baki rabi da hannu. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Wata tara tana lulluɓe da bawan Allah ba ta cuce shi ba," in ji shi. "In ta lulluɓe wani bawan Allah kwana goma, ban ga inda littafi ya hana ba, matuƙar mai ita ta yarda, kuma ba a wulaƙanta abin ba. Amma Salamatu, wannan amsar littafi ce. Mabiyiya ba a hannun malamai take ba, a hannun tsofaffin mata take. Ki tambayi Goggonki Asibi in kina da ƙarfin hali. Ni dai ba ni da shi."

Goggo Asibi yayarsa ce. Ita ta rage a tsohon gidan kakanninmu na Salaga, kuma ita ta yi wa dukanmu wankan farko. Ko wace mace a danginmu ta haihu, ko ina take, Goggo za ta hau lori ta je ta zauna kwana arba'in. Ita ke wanke mabiyiya da hannunta, ta naɗe a farin ƙyalle, ta binne a bayan ɗakin mai jego, kuma har ta mutu tana iya faɗa maka inda ta kowane ɗa take. A wurinta, yaron da ba a binne tasa cikakkiya ba, ba zai taɓa zama wuri guda ba, zai yi ta yawo yana neman abin da bai san ya ɓata ba. Ni kuwa Mai-kallon-gajimare take ce mini tun ina ƙarama. Na koma Bawku ban tambaye ta ba.

Bayan 'yan watanni ita ta zo ta same ni. Cikin Yaya Rakiya ya tsufa, sai ga Goggo ta sauka a tasha da ƙatuwar tukunyar wanka, da ƙullin kanwa, da goro naɗe cikin ganye. A makon nan ne kuma Azara ta ƙone.

Azara 'yar Pusiga ce, wani gari kusa da Bawku, ita ce mai kitson unguwarmu. Kaina, da na Yaya, da na rabin matan zango, duk a tsakanin gwiwoyinta ake kitsa su. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, da yatsun nan goma take ciyar da su. Ta shiga gidan maƙwabta ana dafa man kaɗanya, tukunya ta zame daga murhu, ita kuma ba ta yi tunani ba ta kai hannu ta tare. Man ya wanke mata bayan hannun dama, daga wuyan hannu har farce. Aka kwantar da ita a ɗakinmu na asibiti, kuma ni ce mai sauya mata bandeji kowace safiya. In jiƙa shi da ruwan gishiri, in jira, in ja a hankali, amma duk da haka sai ya taso da ɗan abin da jikinta ya saƙa jiya. Ba ta ihu. Sai ta cusa gefen zanenta a baki, hawaye na gangara cikin kunnenta. Dokta Lema ya ce in aka ci gaba a haka ciwon zai yi zurfi, in ya warke ma da tabo zai warke, tabon ya janye yatsun su ƙage kamar ƙafar kaza. Azara ba ta jin Turanci, amma ta ga yadda ya lanƙwashe yatsunsa yana yi mini bayani. Da ya fita ta tambaye ni, da irin Hausar Bawku da ba ta raba mace da namiji, ko hannun zai ƙara riƙe gashi. Na ce mata Allah ne mai yi. Ta ce ta sani, ni take tambaya.

Da yamma na fara da Yaya Rakiya, ina roƙon rigar jaririn da za ta haifa don hannun Azara. Ban gama ba ta ce in ɗauka, me za ta yi da ita, ai ba miya za ta kaɗa ba. Mijinta ya ce wannan zancen mata ne, shi a bar shi da albasarsa. Saura Goggo. Na same ta da safe tana ɓare goro, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata duka, har da abin da Baba ya ce. Ta ce Malam tun yana yaro yake tura mutane su taɓa abin da shi yake tsoro. Sa'an nan ta dube ni sama da ƙasa.

"Karatun da aka kai ki ke nan? Ki tuɓe wa jariri riga tun bai buɗe ido ba, ki sa wa wata? In ɗan nan ya tashi yana bin motoci gari-gari, ke za ki riƙe shi?"

Ban iya gardama ba, har yau ma ban iya ba. Abin da kawai na roƙe ta shi ne ta raka ni gobe ta kai wa Azara koko, tun da Azara ce ta yi wa Yaya kitson haihuwa. Goggo ba ta taɓa taka asibiti ba a rayuwarta, tana cewa warin wurin kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya. Amma zumunci ba ta wasa da shi. Ta yafa mayafi ta biyo ni, ta tsaya a gindin gado da kwanon koko a hannu, na yi aikina kamar kullum. Ta ga bandejin ya taso. Ta ga zane a bakin Azara. Ta ajiye kokon ta fita. Da na tashi aiki na same ta zaune a ƙofar ɗakin Yaya, ina yin sallama ta jefo mini tambaya.

"Ita rigar, in ta gama aikinta, ina take zuwa?"

Na ce bushewa take yi, ta ɓamɓaro da kanta.

"To aro ne. Ni zan tsince ta da hannuna, ko ƙwaya ba za a share ba. In ta dawo a haɗa ta da 'yar'uwarta."

Bayan kwana biyu, da hantsi, Yaya ta sauka lafiya a asibitinmu, mace, mai gashi cike da kai. Dokta Lema ya riga ya auna jinin Yaya, iyakar abin da ake iya aunawa a wancan zamani. Goggo ta tsaya a kaina kamar mai jiran awo a kasuwa, na sa safar hannu na kama bakin rigar na ɗaye ta daga ɗaya ɓawon. Ba ta yi gardama ba, ta taho sumul. Na wanke ta a ruwan gishiri, na zubar, na sake, na sake, har jini ya fita ta yi fari tas, na tsoma ta a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗauraye. Da na ɗaga ta ga taga, hasken ya ratso ta kamar ba komai a hannuna. Na ji Goggo ta yi salati a hankali. Ta ce shekara arba'in tana binne abin nan, ba ta taɓa kallonsa ba. Ta naɗe mabiyiyar ta tafi gida ta binne, ta kife tsingaro a kan wurin don a gane shi.

Ni da likita muka wanke hannun Azara, muka shimfiɗa rigar a bayansa, ina bi da ɗan yatsa ina korar iska daga ƙarƙashinta. Kowane yatsa na yanka masa tasa na naɗe shi dabam. Ɗan guntun da ya rage na sa a kwalba na ajiye a firijinmu mai kananzir. Ban gama ɗaure hannun a kan katako ba na ga kafaɗun Azara sun sauka. Ta cire zanen daga bakinta, don ta riga ta cusa tana jiran azaba, ta dubi hannun ta dube ni.

"Sista, wuta ya mutu."

Ta yi barci har la'asar, barcin da ba ta samu ba tun ranar da ta ƙone. Ni kuwa na tafi gida ina jin kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. A hanya na sayi ƙosai na raba wa yaran da ban sani ba.

Daga ranar Goggo ta zama ma'aikaciyar asibiti ba albashi. In ta gama wa mai jego wankan safe, sai ta ɗauki 'yar battar da ta wanke ta shanya, ta zo ta zauna a gefen gadon Azara tana jiran kayanta. Suna hira, tana gyara wa Azara Hausa, Azara na cewa a Pusiga haka ake faɗa kuma ba wanda ya mutu. A rana ta uku na shigo da tiren magani sai na ga kwanon ruwan zafi a ƙasa, Goggo na riƙe da tsumma, tana dannawa a gefen hannun. Tiren ya kusa faɗuwa. Rigar ta jiƙe ta zame daga ƙaramin yatsa, naman ya fito ja. Goggo ta ce mene ne abin zare ido, ai kayan jariri ne, yadda ake gasa cibiya ta bushe ta faɗi da wuri, haka wannan ma ke son gashi. Ita taimako take yi don a mayar wa yarinya kayanta kafin suna. Na zauna a bakin gado na fashe da kuka, ni ma'aikaciya, a gaban marasa lafiya. Azara ce ma ke ba ni haƙuri. Da na ɗago na ga fuskar Goggo, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: tsohuwar nan ta tsorata.

"Na ɓata ne, Salamatu?"

Ranar ce ta fara kirana da sunana. Na ce akwai saura a kwalba. Muka sake wanke yatsan, muka yi masa faci. Dokta Lema da ya ji abin da ya faru ya shiga ofis ya rufe ƙofa, muna jiyo dariyarsa ta bango, sa'an nan ya fito da fuska a ɗaure ya ce in gaya wa Mama kada ruwa ya ƙara kusantar hannun. Ai kuwa ya jawo wa kansa. Daga ranar Goggo ta zo da mafici, ƙuda bai isa ya gifta ba, masu zuwa dubiya daga bakin ƙofa suke gaisuwa. Shi kansa likitan ba ya taɓa hannun sai ya wanke nasa a gabanta, ta duba ta ce ya ƙara sabulu.

Aka yi suna, yarinya ta ci Hawa. Bayan suna da kwana huɗu gefen rigar ya fara naɗewa, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, yana ƙara in an taɓa, sak ɓawon albasar da ke tashi a tsakar gidan Yaya. Na ɗaga wani gefe da hantsaki. A ƙarƙashi ga fata sabuwa, ja-ja, mai sheƙi, kamar tafin ƙafar Hawa. Na kira Azara ta duba, ta ƙi, ta ce ni in duba mata. Goggo ce ta kama haɓarta ta juyo da fuskarta. Kullum sai wani yanki ya saki, Goggo ta tara batta a ƙarƙashi, in wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa kan zanen gado ta lashi yatsa ta ɗauke shi. Mai sharar ɗakin ba ta da izinin zuwa kusa da gadon sai Goggo ta duba ƙasa. Ƙaramin yatsan nan ne ya yi nawa, ya ƙara mako guda, kuma shi kaɗai ya warke da tabo.

Ranar da aka sallami Azara, ba gidanta ta fara zuwa ba. Muka taru a bayan ɗakin Yaya, mu huɗu da jaririya a kafaɗar uwarta. Goggo ta ɗaga tsingaron, ta tona da hannu, ta juye battar, har da kwalbar da na kawo ta ɗauraye ta zuba ruwan a ramin. Ta mayar da ƙasa ta daddanna. Sa'an nan ta juya ga Hawa, wadda ke barcinta ba ta san ana yi ba.

"Ga kayanki nan an mayar, cif. Mun gode, Allah ya ba da lada."

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ya isa kunnen Amina. Tun ranar suna mata suka fara tambayar ina Goggo ke zuwa da batta kowace safiya. Magana ta fita daga zango tana aro, ta isa Yendi tana sata. Kusan wata uku wasu matan sai sun aiko an duba ko ina aiki kafin su yarda a kawo su haihuwa, wasu kuma in na karɓi haihuwarsu sai tsohuwar gida ta warware ƙyalle a gabana ta duba ko komai ya cika. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don ni mai son a so ni ce. Akwai ma gidan da suka fara neman aurena suka yi shiru, abin da ya zama alheri, tun da ba don haka ba da ban auri babanku ba. Duk da haka, wasu matan da suka ga hannun Azara da idonsu sun ba mu da kansu, muka yi wa mutane kaɗan, yawanci yara masu faɗawa wuta, kuma kowace riga sai da na mayar wa masu ita. Daga baya, da sabuwar cutar nan ta jini ta shigo, ba mu da abin auna ta yadda hankali zai kwanta, sai muka daina, kuma daidai ne da muka daina. Yanzu Amina na nuna mini a waya cewa masana na ƙera irin wannan rumfa a ɗakin bincike, daga siliki, daga ɓawon jatan lande, har su shuka ƙwayoyin fatar mutum a kai ta tsiro. Ina kallo ina jin daɗi kamar an ce mini wata ƙawata ta ƙuruciya ta yi arziki. Hawa kuwa, kun san ta. Yau tana Kumasi, jibi tana Lome, gata tana Wagadugu da dilolin atamfa. Yaya Rakiya takan ce da Goggo na raye da ta ce lalle akwai ɓarɓashin da ya faɗa ƙarƙashin gado.

Amma fata ta rufe ba shi ne hannu ya dawo ba. Yatsun Azara sun yi tauri, ƙaramin ya ɗan lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Na sa ta tsince wake, ta matsa lemun tsami, ta riƙa shafa man kaɗanyan da ya ƙone ta. Tana yi, amma kitso ta ƙi gwadawa. Matan unguwa sun fara kai kawunansu wani wuri, ita kuma in an yi mata zancen sai ta ɓoye hannun cikin mayafi ta ce tukuna. Tsoro take ji ta kama kan mutum yatsun su ba ta kunya a gaban jama'a.

Ana gobe arba'in, kayan Goggo a ɗaure, jibi za ta koma Salaga. Da la'asar Azara ta shigo yi mata sallama. Muna zaune a inuwar ɗaki, Yaya na ba Hawa nono. Sai Goggo ta jawo tabarma ta zauna a ƙasa, ta juya wa Azara baya, ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta. Ni da Yaya muka dubi juna. Tun da muke, ba mu taɓa ganin kan Goggo ba. Ɗan gashi ne fari fat, mai laushi, bai fi cikin tafi ba.

"'Yar Pusiga, zo ki gwada a nan. In ya lalace, ɗankwali zai rufe, ba mai gani sai Allah."

Azara ta tsaya. Goggo ta ce ta yi sauri, wuyanta ba na yarinya ba ne. Azara ta zauna a kan turmi, ta sa kan tsohuwar tsakanin gwiwoyinta, ta karɓi tsinke ta tsaga. Layin farko ya karkace, ta warware. Na biyu gashin ya suɓuce mata. A na uku sai na ga ta saƙala silin da ke jira a cikin lanƙwasar ƙaramin yatsan nan, ya riƙe shi gam, sauran yatsun suka samu sarari suka fara tafiya. A hankali, sa'an nan da ɗan sauri, sa'an nan na ji ta fara wannan 'yar waƙar da take yi ta hanci in aiki ya karɓe ta. Yaya ta sa hannu ta rufe bakinta. Ni ina kallon sabuwar fatar nan tana lanƙwashewa tana miƙewa a cikin farin gashi, ban san ina hawaye ba sai da na ji gishiri.

Layi biyar ta samu a kan. Da ta ɗaure na ƙarshe, Goggo ta shafa da tafinta daga goshi har ƙeya, ta sake shafawa. Ta ce ya yi tsauri, Azara na son ta cire mata ɗan abin da ya rage. Azara ta ce Mma, in bai yi ba a warware. Goggo ta buge mata hannu, hannun daman, ba tare da ta tuna ba, Azara kuwa ba ta ko janye shi ba.

Goggo ta ɗauki ɗankwalin ta ninke, ta ɗora a cinya. Haka ta zauna a tsakar gida da kai a buɗe har aka kira magariba, duk matar da ta shigo sai ta ce mata ta matso ta ga aikin yatsan da ita ta gasa.